Babi na Bakwai: Katin da Ke Shiga Lissafi da Wanda Ba Ya Shiga

A kusan kowane kulob ɗin golf na Ingila akwai wasu mutane da ke haɗuwa rana ɗaya a kowane mako, a lokaci ɗaya, ba tare da kwamitin kulob ya kira su ba, ba a kuma liƙa sunan kowa a allon sanarwa ba. Da yawansu 'yan fansho ne, waɗanda babu wani aiki a gabansu da safiyar Talata ko ta Alhamis. Wanda ya zo ya zo. A zuba ƙwallaye cikin hula a yi ƙuri'a, a raba mutane uku-uku ko huɗu-huɗu, kowa ya ajiye 'yan sulallan da aka saba, a bazama fili. In an gama a zauna a haɗa maki, ƙungiyar da ta ci ta kwashe abin da aka tara, wanda sau da yawa bai wuce kuɗin shayi ba. Shekara da shekaru ana haka, babu wanda ya ɗaga kai ya dube su. Sai ranar 2 ga Nuwamba 2020, da Birtaniya da Ailan suka shiga sabon tsarin handikaf na duniya, aka tayar da tambayar da har yau take raba kan 'yan kulob: wasan nan na mako-mako, da ake yi cikin raha kuma a ƙungiyance, yana shiga lissafin handikaf ɗin mutum ko ba ya shiga?

Wanda bai taɓa riƙe sandar golf ba zai ga abin bai kai a ɓata baki a kansa ba. Don haka sai mun fara da abin da handikaf yake yi a wasan. Golf, ko ƙwallon lambu kamar yadda wasu kafofin labarai ke kiransa, wasa ne da mai ƙarancin bugu ke cinyewa. Rami 18 ne, kowanne da mizaninsa, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa: uku, huɗu ko biyar. In an haɗa, yawancin filaye mizaninsu yana kamawa daga 70 zuwa 72. Gwani yana zagaye fili da kusan wannan adadi, ɗan koyo kuwa sai ya haura 100. Da a haka za a bar su, da babu dalilin da zai sa su kara da juna. Handikaf shi ne rangwamen bugun da ake yi wa kowa gwargwadon iyawarsa, domin dattijo mai shekara 70 da jikansa, ko manaja da direbansa, su shiga gasa ɗaya kowa yana da rabon ci.

Mai karatun da ya saba kallon ƙwallon dawaki a Katsina ko Kaduna ko Kano ya san irin wannan tsari, domin a can ma kowane mahayi yana da lambarsa, daga -2 zuwa 10, kuma ana haɗa lambobin mahaya huɗu a ga ƙungiyar da za a ba ratar ƙwallaye. Sai dai a ƙwallon dawaki kwamiti ne ke zama ya kalli mahayi ya yanke masa lamba. A golf lambar tana fitowa ne daga katunan maki da ɗan wasa ya miƙa da hannunsa. Wanda ya iya zaɓar katin da zai miƙa da wanda zai cusa a aljihu, to ya iya zaɓar handikaf ɗinsa. Duk rigimar da wannan babi ke magana a kai daga nan ta samo asali.

Kafin 2020 duniyar golf tana da tsarin handikaf har guda shida: na Amurka, na Birtaniya da Ailan, na sauran Turai, na Ostireliya, na Afirka ta Kudu da na Ajantina. Ba lissafi kaɗai ya raba su ba, har da al'ada. Ba'amurke ya saba da cewa duk lokacin da ya zagaya fili, gasa ce ko wasan abokai, zai shigar da makinsa, a ɗauki goma mafiya kyau daga cikin ashirin na ƙarshe. Baturen Ingila kuwa ya tashi ya tarar handikaf na gasar kulob ne: ka yi kyau a rage maka, ka yi muni a ƙara maka 0.1, wasan da kuka yi da abokai kuma ya ƙare a inda aka yi shi, sai fa in kai ka nemi a karɓi katin tun kafin ka fita. Hukumomi biyu da ke riƙe da dokokin wasan, wato USGA ta Amurka da R&A da ke St Andrews a Sikotilan, su suka haɗa shidan suka mayar da su ɗaya. A wajen lissafi tsarin ya fi karkata ga na Amurka. A wajen al'ada kuwa an bar wa hukumar kowace ƙasa damar zaɓar irin wasannin da za ta karɓi katinsu, kuma wannan dama ita ta sa amsar tambayarmu take canzawa idan mutum ya tsallaka teku.

Lissafin kansa ba mai wuya ba ne. Kowane fili da aka auna yana da lambobi biyu. Ta farko ita ce awon fili, wato bugun da ake sa ran mai handikaf sifiri zai yi a wurin. Ta biyu ita ce silof, wadda ke nuna yadda filin ya fi wahalar da matsakaicin ɗan wasa a kan gwani. Tana farawa daga 55 ta tsaya a 155, kuma 113 ne aka ɗauka a matsayin daidai-wa-daida. A ce mutum ya yi bugu 90 a filin da awonsa 71.5, silof ɗinsa 125. Za a cire 71.5 daga 90, saura 18.5, a ninka da 113, a raba da 125, sai a sami 16.7. Da a ce bugu 90 ɗin nan a fili mai sauƙi ya yi shi, mai awo 69.0 da silof 113, da 21.0 za a rubuta masa. Irin waɗannan lambobi ake tarawa. A duba ashirin na ƙarshe, a ware takwas mafiya kyau, a fitar da matsakaicinsu, shi ne handikaf ɗin mutum. Mafi yawan abin da ake ba kowa, namiji ko mace, shi ne 54.0, kuma a Birtaniya da Amurka sabon shiga yana bukatar katunan rami 54 kafin a ba shi lambar farko.

A lura da abin da takwas cikin ashirin ke nufi. Handikaf ba ya nuna yadda mutum yake wasa kullum, yana nuna abin da zai iya yi ranar da hannunsa ya faɗa. Mummunar rana ɗaya ba ta cika motsa lambar ba, sai in ta ture wani tsohon kati mai kyau daga jerin ashirin. Kyakkyawar rana kuwa nan take take shiga cikin takwas ta ja lambar ƙasa. Saboda haka katin da ya fi tsada a tsarin shi ne na ranar da mutum ya yi abin kirki, kuma shi ne katin da mai son zuciya ya fi son ɓoyewa.

To wane kati ake karɓa? Dokokin handikaf sun gindaya sharuɗɗa, kuma abin mamaki ga masu musu shi ne babu sharaɗin cewa sai wasan ya zama na gasa. Abin da suka nema shi ne a yi wasan a fili mai awo da silof na yanzu, a cikin lokacin shekara da hukumar yankin ta buɗe don karɓar kati, bisa dokokin golf, a cika adadin ramukan da ake bukata, a gaban aƙalla mutum ɗaya da zai shaida, kuma a irin salon wasan da hukumar ƙasar ta amince da shi. Amurka ma tun 2016 ta daina karɓar katin wanda ya zagaya shi kaɗai. Wasan abokai da ya cika waɗannan sharuɗɗa katinsa daidai yake da na gasar kofin shugaban kulob, kwamfuta ba ta fifita ɗaya a kan ɗaya. Matsalar tana cikin sharuɗɗa biyu ne kawai, bin doka da salon wasa, kuma wasan ƙungiya na raha yakan yi tuntuɓe a kan duka biyun.

Wasu salon ba su da wata gardama. Akwai sikirambul, wanda ake yawan yi a wasannin tara kuɗin agaji da na kamfanoni: mutum huɗu duk su buga, a zaɓi ƙwallon da ta fi sauka wuri mai kyau, sauran ukun su ɗauko nasu su dawo nan, a sake bugawa, har a kai rami. Ƙungiyar matsakaitan 'yan wasa tana iya gamawa da makin da ko ƙwararre zai yi alfahari da shi, amma makin ba na kowa ba ne a cikinsu. Akwai fosom, inda mutum biyu ke karɓa-karɓa a kan ƙwallo ɗaya, wannan ya buga wancan ya buga. Ana ganin sa a gasar Ryder Cup tsakanin Turai da Amurka. Akwai ɗan'uwansa inda duka biyun ke yin bugun farko, su zaɓi ɗaya, su ci gaba da karɓa-karɓa. Duk waɗannan babu inda ake karɓar katinsu don handikaf, ko gasar ta kai girman me, saboda dalili ɗaya: ba wanda ya bi ƙwallonsa shi kaɗai daga farko har rami.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasan da kowa ke buga ƙwallonsa amma maki na ƙungiya ne. Mafi shahara shi ne fobol, biyu da biyu, kowa da ƙwallonsa, a kowane rami a ɗauki makin wanda ya fi kyau a cikin abokan biyu. Sai kuma wanda 'yan haɗuwar mako suka fi so, mutum huɗu a ƙungiya, a kowane rami a ƙirga biyu mafiya kyau. Galibi da makin Stableford ake yin sa, tsarin da likita Frank Stableford ya ƙirƙira, aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey a 1932: bayan an cire rangwame, wanda ya yi daidai da mizanin rami yana da maki biyu, wanda ya haura da ɗaya yana da ɗaya, wanda ya rage ɗaya yana da uku, wanda ya haura da biyu ko fiye ba shi da komai. Maki 36 a rami 18 shi ne mutum ya buga daidai handikaf ɗinsa.

A ido, irin wannan wasa bai bambanta da na mutum ɗaya ba, tun da kowa ƙwallonsa yake bi. Amma duk wanda ya taɓa yin sa ya san ba haka zuciya take bugawa ba. Abokinka ya riga ya sa ƙwallo kusa da rami, maki biyu sun tabbata. Kai da kake bayan tafki, me zai hana ka gwada tsallake ruwan da bugu ɗaya, abin da ba za ka kuskura ka yi ba da katinka ne kaɗai a hannu? In ta tsallaka ƙungiya ta ƙaru, in ta nutse ba a yi asarar komai ba. A rami na gaba kai ne ka shiga daji, abokinka ya gama da kyau, sai ka sunkuya ka ɗauke ƙwallonka don kada a tsare na baya. Ramin nan ba ka da maki a cikinsa ke nan, alhali da ka daure wataƙila da ka tsira da ɗaya. Ga kuma shawara: doka ta yarda abokan fobol su nuna wa juna sandar da za a ɗauka da layin da ƙwallo za ta bi, abin da ke jawo hukuncin bugu biyu a wasan mutum ɗaya. Wanda ya fara bugawa ma yakan buga ne don na biyu ya ga yadda ƙasa ke gangarawa.

Sai babbar al'adar wasan raha, wato yafe gajeren bugu. Ƙwallo ta tsaya taku ɗaya daga rami, abokin karawa ya ce, "Alhaji, ɗauki abinka, ta shiga." A wasan rami-rami, inda mutum ke karawa da mutum ana ƙirga ramukan da kowa ya ci, wannan halal ne a doka, har ma abin yabo ne, har yau ana tuna yadda Jack Nicklaus ya yafe wa Tony Jacklin bugun ƙarshe a Royal Birkdale a 1969, aka tashi Ryder Cup kunnen doki, 16 da 16. Amma a wasan ƙirgen bugu babu wanda ke da ikon yafe wa wani komai, domin ba da abokin tafiyarka kaɗai kake karawa ba, da duk wanda ya fita fili ranar ne. Gajeren bugun nan kuma yana kuɓucewa fiye da yadda masu yafewa ke zato. Wanda ake yafe wa uku ko huɗu a kowane zagaye, katinsa ya fi hannunsa kyau. Haka ma sake bugun farko kyauta idan ya lalace, ko gyara wa ƙwallo wurin zama da ƙafa ba tare da kwamiti ya ba da izini ba. Da zarar an shigo da ɗaya daga cikinsu an bar dokokin golf, katin kuma ya tashi daga na lissafi.

Amurka da Birtaniya sun kalli wannan matsala ɗaya, kowa ya ɗauki hanyarsa. Amurkawa suka ce matuƙar mutum ƙwallonsa yake bugawa, to ya shigar da kati, fobol ne ko rami-rami, gasa ce ko wasan Asabar. Ramin da bai ƙarasa ba, ko aka yafe masa, ya rubuta abin da ya fi yiwuwa ya samu da ya ƙarasa. Har ma'auni suka bayar: in ƙwallo tana kan dandalin rami, ba ta wuce ƙafa 5 ba, ƙara bugu ɗaya, tsakanin ƙafa 5 da yadi 20, ƙara biyu ko uku, fiye da haka, uku ko huɗu. Akwai kuma rufi a kan kowane rami, a duk ƙasashe: ba a rubuta wa mutum fiye da mizanin ramin da ƙarin biyu da rangwamen da yake da shi a wurin, ta yadda mai rangwame ɗaya a rami mai mizani huɗu ba zai wuce bakwai ba ko da goma ya buga. Hujjarsu ita ce yawan katuna yana shanye ƙananan kurakurai, kuma gara kati mai ɗan kintace da a ce babu kati sam.

Ingila da maƙwabtanta suka ƙi kintace. A wurinsu katin rami-rami ba ya shiga. Wasan abokai yana shiga, amma sai mutum ya bayyana niyya kafin bugun farko, a ofishin kulob ko ta manhajar waya, ya faɗi wanda zai shaide shi. Da zarar ya yi haka ya ɗaure kansa, ko ranar ta yi kyau ko ta ɓaci sai ya miƙa kati, in ya ƙi kwamiti na da ikon rubuta masa makin horo. Wannan sharaɗi na niyya, a ganina, shi ne mafi hikima a duk tsarin, domin yana toshe ƙofa biyu a lokaci guda: ta wanda ke jira ya ga ya yi muni kafin ya ce a rubuta, da ta wanda ke jira ya ga ya yi kyau.

Game da haɗuwar mako kuwa, jagorar da aka ba kulob-kulob ta nuna cewa gasar da aka tsara ba lalle sai wadda kwamitin kulob ya shirya ba. In mutane suna haɗuwa a kai a kai, suna wasan mutum ɗaya-ɗaya bisa doka, ana fitar da wanda ya ci, kwamitin handikaf na iya ɗaukar su a matsayin masu gasa waɗanda niyyarsu ta riga ta tabbata, ya bukaci katin kowa. Nan fa aka yi ta ƙorafi. Wasu suka ce sun zo shan iska ne da hira, ba jarrabawa ba. Dabarar da ta fi sauƙi ga masu gudun katin ita ce su mayar da wasansu na ƙungiya, biyu mafiya kyau cikin huɗu, ko su ci gaba da yafe gajeren bugu, tun da ko wanne ya isa ya fitar da katin daga lissafi. Dokar handikaf ba ta hana ba. Amma sakamakon shi ne a sami mutumin da ke zagaya fili sau biyu ko uku a mako, hannunsa na ƙara faɗawa, jerin katunansa ashirin kuwa ya tsufa, wasu tun na bara waccan. Ranar babbar gasa sai ya fito da rangwamen da ya daɗe da fin ƙarfinsa.

Tsoron irin wannan mutum tsoho ne a golf. A 1955, a kulob ɗin Deepdale da ke jihar New York, wasu mutum biyu masu handikaf 3 suka shiga gasar 'yan bibbiyu da sunan masu 17 da 18, suka lashe, kuma da yake an zuba kuɗin caca masu yawa a kan gasar, abin ya zama abin kunya da jaridu suka yi ta yayatawa. Wannan ƙarya ce tsirara, kuma a yau da kowa ke iya duba lambar kowa a waya da wuya a maimaita ta. Abin da ya rage shi ne ƙaramar ƙarya mai tafiya a hankali, wadda mai yin ta ma kan ce bai karya doka ba. Tsarin yana da wasu birki: in lambar mutum ta haura mafi ƙanƙantar da ya riƙe a cikin shekara da fiye da 3.0, sai a rage saurin hawanta da rabi, kuma ba za ta taɓa wuce 5.0 a kanta ba. Wanda kuma ya zo da kati da ya fi lambarsa kyau da 7.0 ko fiye, a ƙara zaftare masa ɗaya, in ya kai 10.0 a zaftare biyu. Sai dai duk birkin nan a kan katin da aka miƙa suke aiki. Katin da bai zo ba, kwamfuta ba ta san da shi ba.

Gyaran da aka yi wa tsarin a 2024 ya ɗan taɓa wannan gurbi. Daga watan Afrilun shekarar, a Ingila katin gasar fobol yana iya shiga lissafi idan abokan biyu sun tara maki 42 ko fiye, makin ɗan wasan ya shiga katin ƙungiya a rami 9 aƙalla, kuma bayan an cike masa sauran ramukan da wani ƙayyadadden lissafi nasa makin ya kai 36. Duba sharuɗɗan da kyau za ka ga tarko ne aka ɗana wa mutum ɗaya tak: wanda ke lashe gasar 'yan bibbiyu a kai a kai amma lambarsa ba ta motsi. Ranar da ya yi muni a fobol ba a ƙirgawa, sai ranar da ya yi fice. Akwai masu ganin wannan rashin adalci ne, ƙofa mai buɗewa ta gefe guda. Ni ban ga haka ba. Mummunan maki a fobol ba shaida ba ne, tun da mutum na iya yin kasada ko ya ɗauke ƙwallo don amfanin ƙungiya. Maki 36 kuwa da aka gani a rami tara ko fiye ba a samun sa da kuskure.

Kada kuma a ɗauka duk mai gudun kati macuci ne. Akwai wanda ke ɓoye mummunan kati don lambarsa ta zauna ƙasa ya riƙa faɗa a majalisa. Wannan kansa yake cuta, da abokin da tsautsayi ya haɗa su ƙungiya. Akwai kuma mafi rinjaye, waɗanda kawai ba sa son kowace fita ta zama ta fensir da kati. Suna da gaskiyarsu. Golf ya girmi handikaf, kuma mutum na da 'yancin ya fita da abokansa, ya gwada sabuwar sanda, ya buga ƙwallo biyu a rami ɗaya, ya koma gida ba wanda ya tambaye shi. Wasan ƙungiya ma da kansa yana da amfanin da lissafi ba ya gani: shi ke sa sabon shiga ya saki jiki, tun da ɓarnarsa ba ta nutsar da kowa, shi ke kuma riƙe dattawan da ƙarfinsu ya fara ja baya. Tsarin ma ya san da wannan, shi ya sa ya tanadi kason rangwame ga kowane salo: kashi 85 cikin 100 a fobol na ƙirgen bugu, 90 a na rami-rami, rabin jimillar abokan biyu a fosom, sikirambul na mutum huɗu kuma kashi 25 da 20 da 15 da 10, daga mafi gwaninta zuwa na ƙarshe. Wato ana amfani da handikaf a waɗannan wasanni, ko da ba su ne ke gina shi ba.

A nan ne nake ganin hujjar masu cewa "wasa ne kawai" take rauni. Wanda ke cin moriyar rangwame a ranar Talata da Alhamis da Asabar, yana karɓar kyauta da shi, ya wajaba ya riƙa ciyar da lissafin da rangwamen ke fitowa daga ciki. Ba a ce kowane zagaye ba. Amma mutumin da ya fi shekara bai miƙa katin mutum ɗaya ba alhali kullum yana fili, lambar da ke hannunsa tarihi ce. Kwamitin handikaf yana da hurumin duba lambar kowane ɗan kulob aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma a wannan dubawa an yarda ya yi la'akari da abin da mutum ke yi a wasannin da katinsu ba ya shiga, har ya gyara lambar da hannu. Kwamitoci da yawa suna jin nauyin yin haka, don wanda za a rage wa abokin hira ne, wani lokaci ma shi ya sayi kofin da ake gasa a kai. Jin nauyin nan shi ke lalata tsarin fiye da duk wata dabarar ɗan wasa.

Ga mai wasa a Kano ko Kaduna ko Jos ko Abuja, ko wanda tafiya ta kai shi wani fili a waje, abin yi kaɗan ne. In sikirambul ne ko karɓa-karɓa, ka ji daɗin wasanka, babu katin da za a nema. In kowa ƙwallonsa zai buga amma maki na ƙungiya ne, ka tambayi sakataren handikaf na kulob ɗin kafin ku fita ko hukumar da yake ƙarƙashinta tana karɓar wannan salo, kada ka bari sai an dawo an ga maki. In kuwa kana son katin ya shiga, ku yi magana da abokan tafiya tun a wurin bugun farko: ba yafiya, ba sake bugu, ba shawara, kowa ya kai ƙwallonsa rami ko ya kai rufin da doka ta sa. Ka sami wanda zai shaida, ka miƙa katin a ranar kafin sha biyun dare, domin da katunan ranar ake auna ko iska da ruwa sun sa filin ya fi yadda aka san shi wuya. Kuma in wata uku suka wuce kana fili ba ka miƙa ko ɗaya ba, ka ware zagaye guda a makon nan ka buga shi don kati.